Kafin ka sayi injin tace ruwa na RO, auna ruwanka tukuna

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta isa su saurari murya ba, da waɗanda suka fi son su karanta a nitse.

Yau maganar ruwa za mu yi. Tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa daga masu bibiyarmu na yankin Gobir, musamman Sabon Birni da Isa: wane injin RO ya kamata in saya? Wani yana son buɗe gidan fiya wata. Wata tana son ƙaramin inji a kicin saboda ruwan bohol ɗinsu yana da zartsi. Wani kuma kifi yake son kiwo, an ce masa sai da RO. Har akwai mai tambaya a kan irin akwatin gilashin nan da ake gani a bidiyo, mai kifayen teku masu launi da murjani a ciki. To ni amsata ga dukkansu guda ce: ruwanka ne zai zaɓa maka inji. Kafin ka san abin da ke cikin ruwan, da abin da za ka yi da shi, duk kuɗin da ka kashe caca ce.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Yankin nan ba baƙon ruwa ba ne. Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, a bakin Gulbin Rima aka kafa shi. Garuruwan da ke kewaye da kufansa sun rayu ne da gulbi da fadama da rijiyoyi. Abin da ya canja shi ne yawan mutanen da ke kan rijiya ɗaya. Matsalar tsaro ta kwashe mutane daga ƙauyuka ta tara su a cikin gari, wasu ma tun 2019 suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Gari ya cika, shaddodi sun ƙaru, ana haƙa bohol kusa da su, 'yan garuwa ba sa hutawa. A irin wannan yanayi sana'ar ruwa tana da kasuwa, kuma masu sayar da inji sun san da haka. Shi ya sa nake son mu fahimci abin kafin a sayar mana da shi.

Mene ne RO ɗin?

Ka yanka tumatir ko albasa, ka barbaɗa gishiri, ka bar shi minti goma. Za ka ga ruwa ya fito. Wa ya matse shi? Babu. Haka ruwa yake: idan akwai siririn tantani tsakanin wuri mai gishiri da wuri marar gishiri, ruwan yana ratsa tantanin ya tafi wajen gishirin. Wannan ɗabi'a ita masana ke kira osmosis, kuma wani Bafaranshe mai suna Jean-Antoine Nollet ya bayyana ta tun 1748.

RO juya wannan tafiyar ne. Sai a sa famfo ya danna ruwa mai gishiri da ƙarfi a jikin tantanin, har ruwan ya ratsa ta baya, ya bar gishirin. Tantanin shi ne masu sana'ar ke kira mambiren. An daɗe da sanin dabarar, amma ruwan da ke fita ɗigo-ɗigo ne, ba ya biyan buƙata. Sai wajen 1960 wasu masu bincike biyu a jami'ar UCLA ta Amurka, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, suka haɗa tantanin da ke fitar da ruwa da yawa. A 1965 garin Coalinga na jihar Kalifoniya ya fara shan ruwan da aka tace da shi. Yau wani ɓangare na ruwan da alhazanmu ke sha a Makka da Jidda daga Bahar Maliya yake, an cire masa gishiri a manyan tashoshi irin ta Shu'aiba, inda wasu sassan ke amfani da zafi wasu kuma da RO.

Ka riƙe wannan: aikin RO cire abin da ya narke a ruwa ne. Laka da ƙura da yashi ba aikinsa ba ne, matatun da ke gabansa ne ke tare su.

Mataki na farko: awo

Akwai wata 'yar na'ura kamar biro, ana ce mata mitar TDS. Kana tsoma bakinta a kofi sai ta ba ka lamba. Lambar tana nufin miligiram nawa na narkakkun abubuwa ke cikin lita ɗaya. Za ta iya hana ka asarar inji sukutum.

Ga yadda ake karanta lambar. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar SON ta fitar a 2007 mai lamba NIS 554, ta sa iyaka a 500. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 600 ɗanɗanon ruwa yana da daɗi, idan ya wuce 1,000 baki ya fara ƙinsa. Ruwan teku kuwa yana kusan 35,000, wato giram 35 na gishiri a kowace lita.

To idan ka auna bohol ɗinka ka ga 120 ko 200, ɗan'uwa, gishiri ba shi ne matsalarka ba. Wataƙila abin da kake buƙata matatar yashi ce da ta gawayi da abin kashe ƙwayoyin cuta. Idan ka ga 900 ko 1,500, kuma shayi yana canja ɗanɗano, sabulu ba ya kumfa, butar dafa ruwa tana yin farin ɓawo a ciki, nan ne RO ke da aiki.

Amma fa mitar TDS tana da makanta. Ba ta ganin ƙwayar cuta ko ɗaya. Ruwa zai iya nuna 80 yana ɗauke da kwalara, kuma ba mu manta 2021 ba, shekarar da aka samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, jihohin arewa suka fi jin jiki. Ba ta kuma gaya maka ko wane abu ne ya narke. Dalma, alal misali, iyakarta miligiram 0.01 ne a lita, mitar ba za ta ko motsa ba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da dalma ta yi a 2010 a Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu. Can ƙurar dutsen zinare ce ta fi yin ɓarnar, amma darasin ɗaya ne, guba ba ta sallama.

Saboda haka bayan mitar, ka ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ka kai ɗakin gwaji a Sakkwato, ko na hukumar ruwa ko na jami'a. Ka ce a duba maka ƙarfe, naitiret, taurin ruwa da ƙwayoyin cuta. Iyakar ƙarfe 0.3 ce, ta naitiret 50. Naitiret ɗin nan ina son iyaye mata su ji da kyau. Daga shadda da taki yake shiga rijiya, ba shi da launi, ba shi da wari, kuma jarirai ya fi cutarwa, yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Tafasa ruwa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi, don ruwan yana tafiya a tururi shi yana zaune. RO yana rage shi sosai, ko da yake bai kama shi kamar yadda yake kama gishiri ba. Kuma ka yi awon sau biyu, da rani da kuma damina, don ruwan fadama ba ya zama iri ɗaya duk shekara.

Mataki na biyu: me za ka yi da ruwan?

Bari in fara da masu akwatin murjani, don su ne suka fi kowa tsanani, kuma ta wajensu za mu fi gane sauran. Murjanin da muka sani a wuyan amare asalinsa halitta ce mai rai a teku. Masu kiwonsa a gida, a Dubai ko Legas ko Ingila, ba ruwan teku suke ɗebowa ba galibi. Ruwa suke tacewa har mitar TDS ta nuna sifili, sannan su zuba gishirin da aka haɗa musamman har ya kai giram 35 a lita. RO kaɗai ba ya kai su sifili, yana cire kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari ne. Sai su ƙara wata matata a bayansa mai ƙananan ƙwayoyi kamar gero, ana ce mata DI, ita ke kwashe ragowar. Idan ta gaji launinta yana canjawa, sai a sake.

Me ya sa wannan wahala haka? Saboda kullum ruwan akwatin yana tashi a iska, amma abin da ya narke a ciki ba ya tashi. Duk lokacin da aka ƙara ruwa mai ɗan datti, dattin yana taruwa a kan na jiya. Ɗan jan ƙarfe kaɗan yana kashe murjani da jatan lande. Fosfet da naitiret kuma abinci ne ga gansakuka, sai ta lulluɓe akwatin. Don haka idan kai ne mai wannan sha'awa, injinka matakai huɗu ne: matatar laka, gawayi, mambiren, sai DI, da mitar TDS a bakin fita. Kuma kada ka yarda a haɗa maka matatar nan ta ƙarshe da ke mayar wa ruwa ma'adinai don ɗanɗano, ita ta masu sha ce. Sai dai in faɗa maka gaskiya, a inda wuta ba ta tsayawa kuma zafi yana wuce digiri 40, ruwa shi ne ƙaramar matsalarka. Murjani yana son digiri 25 zuwa 26 dare da rana.

Yanzu juya ga mai kiwon tarwaɗa. Shi akasin haka ne. Kifin gulbi yana buƙatar ma'adinan da ke cikin ruwa, musamman kalsiyam, kuma ruwan RO tsantsa ba shi da abin da zai riƙe tsaminsa, yana hawa yana sauka. Idan ka zuba ƙananan kifi a ciki ka wahalar da su da kuɗinka. Abin da ya fi kashe 'ya'yan kifi a ruwan bohol shi ne ƙarfe da ƙarancin iska. Maganinsu mai arha ne: ka watsa ruwan ya sha iska kafin ya shiga tanki, ka bar shi ya kwana, ƙarfen zai zama jan tsatsa ya kwanta, sannan ka bi da shi ta yashi. Sai in awo ya nuna zartsin ya yi yawa ne za a yi maganar RO, shi ma gaurayawa ake yi da ruwan asali.

Mai gida da mai fiya wata suna tsakiya. Su ba sifili suke nema ba. Ruwan da aka kwashe masa komai lami ne a baki, shi ya sa ake mayar masa da ɗan ma'adinai. Kuma dole a sa fitilar UV ko wata hanyar kashe ƙwayoyi a ƙarshe, don tankin ajiya da bututu suna iya gurɓata ruwan bayan ya fita daga mambiren. Mai sana'a kuma ya sani, sayar da ruwan leda sai da rajistar NAFDAC, kuma ba injin kaɗai suke dubawa ba, har gini da tsabtar ma'aikata da nisan shadda daga bohol.

Mataki na uku: lissafin da mai shago ba zai yi maka ba

Na farko, yawan ruwa. A jikin ƙananan injuna za ka ga an rubuta 50, 75, 100 ko 400 GPD. Galan ne a rana, kuma galan ɗin Amurka lita 3.8 ne. Wato 75 GPD kusan lita 284 ke nan, jarka 11 mai lita 25. Amma wannan lamba an same ta ne a ɗakin gwaji, da ruwa mai digiri 25 da matsi cikakke, injin yana aiki awa 24. Kai da ke da wuta ta awa biyar, raba lambar. Ga mai sana'a, mambiren ɗin da aka fi samu shi ne 4040, mai faɗin inci 4 da tsawon inci 40, kuma ana lissafa masa wajen lita 250 a awa. Jakar fiya wata leda 20 ce, lita 10. Ke nan mambiren ɗaya jaka 25 ne a awa. Ka fara lissafin jaka nawa kasuwarka za ta ɗauka, sannan ka san guda nawa kake buƙata.

Na biyu, matsi. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Ƙaramin injin gida yana son matsi tsakanin psi 50 zuwa 80. Tankin da ke sama kuma, kowane mita 10 na tsayi psi 14 kawai yake bayarwa. Tankinka na kan ƙarfe mai mita 5 yana ba ka psi 7. Ka ga ko kusa bai kai ba. Don haka a wajenmu, inda kusan kowa daga tanki yake sha, inji marar famfon ƙara matsi ado ne kawai. Abin daɗin shi ne famfon ƙananan injuna galibi bolt 24 ne, ba ya cin wuta, sola da inbata suna ɗaukarsa. Kuma gwargwadon gishiri gwargwadon matsin da ake buƙata: kowane 100 na TDS yana cinye kusan psi 1 kafin ɗigo ɗaya ya fita. Shi ya sa injin gida ba a son a ba shi ruwan da ya wuce 2,000, kuma shi ya sa tace ruwan teku ke buƙatar psi 800 zuwa 1,000.

Na uku, ruwan da ake zubarwa. RO yana da baki biyu, ɗaya na ruwa mai kyau, ɗaya na ruwan da ya kwashi gishirin. A ƙananan injuna, duk lita ɗaya mai kyau tana tafe da lita 3 zuwa 4 na zubarwa. Gidan da ke shan lita 50 a rana zai zubar da 150 zuwa 200, jarka shida zuwa takwas. Idan daga ɗan garuwa kake saye, yi lissafin kuɗin nan kafin ka ce RO ya fi arha. Manyan injuna sun fi tattali, suna ceto rabi ko fiye. Kada ka bar ruwan ya bi kwata, ka tara shi don wanki da share gida da banɗaki. Amma kada ka mayar da shi ruwan lambu na kullum, musamman na babban inji wanda gishirinsa ya kusa ninkawa, don a hankali zai kashe maka ƙasa.

Na huɗu, zafi. Mambiren ɗin zamani ba ya son ruwan da ya wuce digiri 45. Ka tuna baƙin tankin roba a rana tsaka a watan Afrilu, ruwan da ko alwala ba ka iya yi da shi. Ka yi wa tankin rumfa, ko ka riƙa tacewa da safe da dare. Da hunturu kuma za ka ga ruwan ya ragu, don kowane digiri ɗaya da sanyi ya ƙaru yana rage kusan kashi 3 cikin ɗari. Ba lalacewa ya yi ba, kada wani ya ce ka sayi sabo.

Abokan gaban mambiren

Biyu ne manya. Kulorin yana cinye shi, shi ya sa matatar gawayi take gabansa. Idan kana zuba kulorin a tanki, ko ruwan famfon gwamnati kake amfani da shi, gawayin nan shi ne mai gadinka. Ƙarfe kuma yana toshe shi. Idan ruwanka yana fitowa garau amma bayan ya kwana ya yi ja, ko yana ɓata farar riga, sai ka cire ƙarfen tukuna ta hanyar iska da yashi. In ba haka ba mambiren ɗin da ya kamata ya yi shekara biyu zuwa uku zai mutu cikin watanni. Ruwan gulbi ko na tafki da damina kuwa, sai an sa alif ya kwanta kafin ya kusanci injin.

Yawan matakai ba shi ne inganci ba. Za a ce maka wannan mai bakwai ne, wancan mai tara. Tambayi wane mambiren ne a ciki. Akwai sanannun suna irin FilmTec da Toray da Hydranautics da Vontron, akwai kuma jabu masu ɗauke da sunan. Hanyar gane gaskiya ita ce awo. Bayan injin ya yi aiki kamar awa ɗaya, auna ruwan shiga da na fita. Idan 800 ya shiga 40 ya fita, an cire 760, kashi 95 ke nan, lafiya lau. Idan 800 ya shiga 250 ya fita, a sake lale. Ka yi sharaɗin nan da mai haɗa maka tun kafin ka cika masa kuɗi, ka kuma rubuta lambobin a littafi duk wata. Ranar da ka ga lambar fita ta fara hawa, ka san lokaci ya yi.

Sai maganar kayan gyara, wadda ta fi shafar mutanen Isa da Sabon Birni. Hanya ba kullum take biyuwa ba, kowa ya sani. Injin da matatarsa ta musamman ce, sai an aiko daga Legas, ranar da ta toshe ka tsaya. Ka zaɓi mai matata ta gama-gari, inci 10 ga gida, inci 20 ga sana'a, irin wadda za ka samu a Sakkwato ko Kano ko Maraɗi. Ka sayi na ajiya tun ranar farko. Matatar laka da ta gawayi ana canja su duk wata uku zuwa shida, ko da wuri in ruwan yana da datti. Kuma idan za ka rufe injin na makonni, kada ka bar mambiren ya bushe, don in ya bushe da wuya ya dawo daidai.

To jama'a, kafin ka tura wa kowa kuɗi, ka tabbata kana da amsar waɗannan a rubuce: lambar TDS ɗin ruwanka rani da damina, sakamakon ɗakin gwaji, lita nawa kake buƙata a rana, awa nawa kake da wuta, da inda ruwan zubarwa zai tafi. Mai sayarwar da bai tambaye ka ko ɗaya cikinsu ba ya fara faɗa maka farashi, gode masa ka ƙara gaba.

Wanda ya riga ya auna ruwansa, ya ajiye mana lambar da sunan garinsu a ƙasa, mu ga yadda ruwan yankin yake daga gari zuwa gari. A shiri na gaba za mu duba yadda ake haɗa matatar yashi da gawayi a gida da durom biyu.